Bene Ɗaya, Iyali Biyu

Duk wanda ya tashi tsakanin Agege da Abule Egba ya saba ganin rubutun nan da ake yi wa katangu da jan fenti, da Turanci, wai gidan nan ba na sayarwa ba ne, a kiyayi 'yan 419. Baƙon da ya sauko daga Arewa yakan yi dariya, ya ce mutum da gidansa, wa ya taya? Mai gidan kuwa ba don nishaɗi ya sayi fenti ba. Ya ga yadda aka sayar da gidan maƙwabcinsa yana can wajen jinya, ya ga an sayar wa mutum uku fili ɗaya, kowa riƙe da rasit ɗinsa. To garin da sai mai gida ya yi shelar ba ya sayarwa, wanda ya ce yana sayarwa ai ya cancanci a dube shi tun daga hula har takalmi.

Ƙannena, zancen da nake so mu yi ke nan. Da yawanku Allah ya fara buɗa muku. Wani yana harkar waya a Ikeja, wani dilar gwanjo yake kwancewa a Katangowa, wani yana cikin shanu a abbatuwar Oko-Oba, wata kuma ɗinki da adashi sun tara mata abin da ba ta zata ba. Na kuma lura idonku ya fi zuwa kan irin tsohon benen nan da ya cika unguwanninmu, sama falo da ɗaki uku, ƙasa ma haka, kowane sashe da kicin da bayinsa. Lissafin a fili yake: ka zauna a ɗaya, ka sa ɗan haya a ɗaya, gida ya riƙe kansa. Lissafi ne mai kyau, ina kuma bayansa. Sai dai bulo da kwano da fentin da ido ke gani su ne ƙaramin abin da za ka biya wa kuɗi. Babban yana cikin takarda, da ƙarƙashin ƙasa, da halin mutumin da za ku riƙa haɗuwa a bakin get kowace safiya.

Ina murna da wannan tunani naku saboda Hausawa ba jiya suka zo Agege ba. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko, wato Legas, da Ibadan a 1901, zuwa 1912 layin ya haɗe da Kano, goron da a da sai an yi takakkiya zuwa Gwanja kuwa ya fara samuwa a gonakin Agege da kewaye. Fatake suka kafa zango kusa da tasha, suna ɗaure huhu suna lodawa Arewa, zango ya zama unguwa, unguwa ta yi sarki. Yau an haura shekara ɗari. Amma in ka bi gida-gida za ka tarar da dattijon da ya shekara arba'in yana biyan hayar ɗaki biyu, ga shi da gida ginanne a Kano ko Sakkwato ƙadangaru na gadi, 'ya'yansa kuwa Yarabanci ya fi zama a bakinsu, in sun je can ma baƙi ne. Ba na ganin laifin iyayenmu. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002 yana da hujjar kai dukiyarsa inda yake ganin wuta ba za ta same ta ba. Amma kai da aka yanke cibiyarka a nan, makarantarka a nan, kasuwarka a nan, ba ci-rani kake yi ba, ko da bakinka ya saba faɗar haka. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar ƙasa da gini a ko'ina cikin ƙasar nan. Dattawan da suka yi ƙarfin hali suka saya tun da wuri, jikokinsu ne yau ba sa fargabar notis.

Dabarar zama a sashe ɗaya a ba da hayar ɗaya ta tsayar da baƙi a garuruwa da yawa. A birnin Niyok na Amurka akwai gidaje jere, bango manne da bango, masu hawa uku ko huɗu, an lulluɓe fuskarsu da wani dutse mai ruwan ƙasa, akasarinsu ginin ƙarshen ƙarni na 19. Masu hali aka gina wa su. Da masu halin suka koma bayan gari, sai baƙaƙen fata da baƙi daga Barbados da Jamaika suka saye su a unguwanni irin su Harlem da Bedford-Stuyvesant ta Buruklin. Bankuna ba sa son ba su rance a lokacin, don haka suka dogara da adashi da aikin dare da rana, mai gida ya takura a hawa ɗaya, sauran ya ba da haya har bashi ya biyu. Yau irin gidan nan yakan haura dala miliyan ɗaya nesa ba kusa ba, tun 1965 kuma birnin yana da hukumar kare tsofaffin gine-gine, wadda in unguwa ta shiga hannunta ko tagar da ke kallon titi ba ka canzawa sai da izini. Duk da haka wasu jikokin sun rasa gidajen. Kaka ta rasu ba wasiyya, magada sun watsu, wani mai wayo ya nemo ɗaya daga cikinsu ya sayi kasonsa da araha, ko ya ƙirƙiro takardar ciniki ta jabu, sai ga sammaci. Abin ya yi yawa har jihar ta tsaurara doka a kan satar takardun gida a 'yan shekarun nan.

Saboda haka kafin ka tambayi nawa ne, tambayi dillali gidan wane ne, kuma me ya sa ake sayarwa. Tsohon bene a Orile Agege ko Oko-Oba ko Ijaiye, wanda aka gina zamanin da kuɗin fetur ya fara shigowa, da wuya ka tarar da wanda ya gina shi a raye. Galibi gidan gado ne, gado kuwa a ƙasar Yarabawa yana da ƙa'idarsa, ba irin tamu ba. Wani gidan akan raba shi bisa yawan matan mamaci, kowane ɗaki da kasonsa komai yawan 'ya'yansa, wani bisa kawunan 'ya'ya, wani ma ba a raba shi sam, yana nan a matsayin dukiyar dangi. A kan wannan na ƙarshen kotunan Nijeriya sun daɗe da tsayar da magana: sai shugaban dangi da manyan 'yan gidan sun haɗu ciniki yake tabbata. In 'ya'ya suka sayar ba da shugaban ba, cinikin kamar ba a yi ba ne tun asali. In shugaban ya sayar da sunan dangi bai shawarci manyan ba, suna iya zuwa kotu su warware. Ka ga ke nan saurayin nan mai fara'a da ya buɗe maka ƙofa ya ce shi ne babban ɗa, yana iya zama gaskiya ya faɗa, kuma kuɗinka ya salwanta. Akwai yayarsa a Landan, akwai 'ya'yan wata matar da ba a ambata maka ba. Nemi takardar da sashen gado na Babbar Kotun Legas ke bayarwa, mai ɗauke da sunayen waɗanda aka danƙa wa kula da dukiyar mamaci. Ka gan su da idonka, ka ga katin shaidarsu, su sa hannu a gaban lauyanka. Lauyanka na ce, wanda kai ka nemo kai ke biya, ban da wanda dillali zai ce "akwai namu, Alhaji, zai yi mana sauƙi". Dillali la'adarsa yake jira, ba ya samunta kuwa sai an sallama.

Ka kuma koma unguwar kai kaɗai. Mai shayi, mai faci, tsohuwar da ke sayar da burodi a bakin layi, limamin masallacin kusa, a hira ɗaya za su gaya maka ko an taɓa ɗaga murya a kan gidan, da sau nawa aka kawo masu saye suka tafi ba su dawo ba.

Mu mun taso a al'adar da ake tafawa, a ce "na sallama", a ce "Allah ya sa alheri", mai unguwa ya shaida, shi ke nan. A nan wannan ba ya ɗaure kowa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake saya izinin zama ne, wanda takardar C of O kan ƙayyade da shekara 99. Sayar maka da gidan bai kammala ba sai da amincewar gwamna, a 1989 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, cewa sharaɗin ya hau har kan wanda ya mallaki ƙasarsa tun kafin dokar. Da yawa sukan karɓi takardar ciniki daga lauya su jefa a akwati, su ce sai an samu sarari. Sararin ba ya zuwa, sai ranar da ake son jinginar da gidan, ko aka tarar wani ya riga su rajista. Kuɗin amincewar gwamna da hatimi da rajista da lauya da la'ada, ka lissafa su cikin farashin gidan tun farko. In ba su shiga ba, gidan ya fi ƙarfinka tukuna.

Kafin kobo ya fita daga hannunka, ko da sunan kafin alƙalami ne, a yi bincike biyu a Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jiha suke. Lauya ya duba rajistar ƙasa, ya ga sunan wa ke kan takardar, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai ƙara a kanta. Safiyo kuma, naka, ya zo ya auna filin da kansa, ya kai ofishin Babban Safiyo a ɗora a taswira, a ga ko yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe, ko an sakar wa dangin yankin an buga a gazet. An sha miƙa wa mutum taswirar wani fili mai tsabta alhali gidan da aka nuna masa yana wani wuri. Ku kuma lura da iyaka. Daga Abule Egba in ka miƙa ta Alagbado zuwa Tolget, ko ka nufi Agbado, ba ka sanin sa'ad da ka taka jihar Ogun, can kuwa takardunka Abekuta za su. Su omonile, 'ya'yan masu ƙasa da ke zuwa karɓar kuɗin harsashi da na dakin da na rufi, Legas ta yi dokar hana su a 2016. Dokar ba ta kawar da su ba, amma mai sabon gini suka fi damu.

Abule Egba tana da nata darasin da ba a koyarwa a ofis. Bututun man da ya taso daga Atlas Cove zuwa Mosimi ta ƙarƙashin unguwannin nan ya bi. Ranar 26 ga Disamba 2006 ya kama da wuta a wajen Awori, mutum fiye da 200 suka ƙone. A Janairun 2020 ya sake tashi ta wajen Ile-Epo da titin Ekoro, ya ci gidaje da motoci da rayuka. A Baruwa ta Ipaja kuwa shekara da shekaru mutane na jawo ruwan rijiya yana warin fetur. In gida ya fi na maƙwabtansa araha, duba ƙasa ka duba sama: bututu ne, ko babbar wayar lantarki, ko magudanar ruwa aka toshe aka ɗora gini. Ɗebi ruwan burtsatsen gidan ka sansana. Titi ma abin dubawa ne. Gadar Jubilee da aka buɗe a 2017 ta rage cunkoson mahaɗar Abule Egba, ta Pen Cinema ta yi wa Agege haka a 2021, motocin BRT suna zuwa Oshodi tun 2020, jirgin Jan Layi da aka ƙaddamar a 2024 yana tsayawa a Agege da Iju da Agbado. Irin waɗannan ayyuka suna ɗaga darajar gidaje, amma da wuya a yi su ba a rushe na wasu ba. Wanda ke layi na biyu ya ci riba, wanda ya manne da titi ya ga katafila, diyya kuwa mai takarda ake fara saurara.

Je ka ga gidan a Yuni ko Yuli, bayan an kwana ana ruwa. Sabon fenti a gindin bango shi kaɗai yana da abin da yake rufewa. Tsufa ba aibi ba ne ga gini, wasu na da ma sun fi na yanzu rodi da siminti, amma ka biya injiniya ya duba ginshiƙai da dakin, musamman in an ɗora hawa daga baya ko an fasa bango an yi shago. Benen Ita Faji da ya rufta a Maris 2019 da makarantar yara a samansa, hukuma ta riga ta yi masa alamar rushewa. Nemi takardar izinin gini. In kuma dillali ya fara yi wa gidan kirari, wai na wane ne ɗan wane, tuna da Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, gini irin na 'yan Barazil tun 1855, yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, aka wayi gari a Satumban 2016 an baje shi. Har yau abin yana yi mini ciwo, amma haka Legas take da tsofaffin gine-ginenta.

Sai lissafin kuɗi. A ce, misali, ka sayi gidan naira miliyan 60, sashen haya yana kawo miliyan ɗaya da rabi a shekara. Shekara 40 ke nan kafin kuɗinka ya dawo, in ka haɗa da hayar da kai ka daina biya, 20. Ba a cire gyaran rufi ba, da kwashe sokawe, da harajin ƙasa na shekara-shekara, da watannin da sashen zai zauna ba kowa. Amfanin gida shi ne tsare darajar kuɗi, balle da muka ga hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, amma ba ya ba da kuɗin cefane yadda shago ke bayarwa. Kada ka kwashe jarin kasuwarka kaf ka zuba a bulo. Na ga waɗanda suka yi haka, shago ya bushe, suka dawo suna neman mai saye a gaggauce, mai gaggawa kuwa ba ya sayarwa da daraja. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankin Jaiz tun 2012, ga TAJ da Lotus sun biyo baya, masu saye su sayar maka a biya a hankali ko su ba ka hayar da ke ƙarewa da mallaka. Karanta jimillar abin da za ka biya, don halal daban, araha daban. Ka kuma bincika a kamfanin wuta na Ikeja Electric ko akwai tsohon bashi a kan mitar gidan, domin wanda aka tarar a ciki shi ake yanke wa waya.

Abin da matasa suka fi rainawa shi ne ɗan haya. Mai gidaje goma yaro yake aikawa karɓar kuɗi, kai kuwa da naka ɗan hayar get ɗaya, tankin ruwa ɗaya. In ka tarar da shi a ciki, ka gaje shi da haƙƙinsa. A dokar haya ta Legas ta 2011, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, bayansa na kwana bakwai, sannan kotu. Cire masa kwano ko ƙofa, ko turo masa ƙarti, laifi ne da ke iya kai mai gida kurkuku. Dokar ta kuma hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake kowa ya san yadda ake yi da ita a gari. Kai dai ka kiyaye. Ka sa a sharaɗin ciniki a miƙa maka gidan ba kowa, ko a nuna maka rasit ɗin ƙarshe na wanda ke ciki, don magada sukan karɓe hayar gaba su raba kafin su sa gida a kasuwa.

Zauna da iyalinka kafin ka zaɓi sashe, tunda ita za ta fi ka wuni a gidan. In tana son sirri, a duba ko matakalar sama tana da ƙofarta daban, ina ake shanya, wa zai ratsa tsakar gida in zai tayar da janareta. A raba mita, kowa da tasa. A rubuta wa ke biyan wutar jawo ruwa, da kuɗin shara, da na maigadin layi. Maganar kare, da taron addu'ar dare, da ragon layya da za a ɗaure a yanka a tsakar gida, a yi ta cikin mutunci tun kafin a karɓi kuɗi. Ɗan hayarka yana iya zama Bayarabe Kirista ko Ibo, sau da yawa ma ya fi na gida biya a kan kari. Da yawanku an taɓa ce muku "ba ma ba Hausawa" bayan kun gama yawo da dillali, kun san zafinta, kada ranar da makulli ya zo hannunku ku yi wa wani. In kuma ɗan uwa za ka sa, yanke tun farko, haya ce ko taimako. In taimako ne, cire sashen daga lissafinka, ka nemi ladanka wajen Allah. Zumunci yakan lalace ne in an bar abin a tsakiya, kai kana ƙirga watanni, shi yana ganin ai gidan Yaya ne.

Akwai kuma masu haɗa kuɗi, wa da ƙane ko abokan kasuwa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yana yiwuwa, ya kuma fi jiran shekara goma farashi na gudu. Amma sunan kowa ya shiga takardar ciniki da kasonsa, ko da ƙanen ya ce "haba Yaya, sa naka kawai". Ke ma 'yar uwa, in kuɗin gadonki ko na adashinki ya shiga, sunanki ya shiga. Wannan ba rashin yarda da maigida ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Fiƙihun Malikiyya ya ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, wato in ɗaya zai sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, ɗan uwansa ya fi bare cancantar karɓa a kan farashin. Sai dai Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano da za ka kai wannan da baki. Dole lauya ya zuba shi cikin yarjejeniya: wata nawa za a ba abokin tarayya ya kawo kuɗi, wa zai yi wa gidan ƙima, yaya za a raba gyaran rufi tunda a kan na sama yake yoyo amma na ƙasa ma shi ya rufe shi, wa ke da filin baya in an tashi ƙara ɗaki. Ku biyu kuna iya shekara talatin ba ku buɗe takardar ba, 'ya'yanku ne za su neme ta, su da kaka kaɗai suka haɗa. A yi ta kwafi uku, kowa ya riƙe ɗaya, ɗaya ta zauna wajen lauya, matanku kuma su san inda aka ajiye.